Jan gargaɗin da muke tsallakewa: Me burauzarka take ƙoƙarin faɗa maka?

Ka san irin daren nan da ya rage 'yan awanni a rufe rajistar kwasa-kwasai? Data ta kusa ƙarewa, caji ya yi ƙasa, ka buɗe shafin makaranta, sai ga jan alwatika da rubutun Turanci: "Your connection is not private". Ni dai ya faru da ni a zangon karatun da ya wuce. Na ɗauki hoton na tura guruf ɗin ajinmu na WhatsApp, nan take wani ya ce, "Danna Advanced kawai ka wuce, ba komai." Na danna, na zuba lambar rajista da kalmar sirri. Sai da hankalina ya kwanta na tambayi kaina, wai me na tsallake?

Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana da takardar shaida ta lantarki, wato satifiket ɗin tsaro. Hukumomin da burauza ta yarda da su ne ke bayar da ita, irin su DigiCert da Let's Encrypt. Ita ce ke tabbatar wa wayarka cewa shafin da ka shiga shi ne ainihin mai adireshin, kafin a kulle bayanan da za ku yi musaya yadda na tsakiya ba zai iya karantawa ba. Kuma kamar katin ɗalibi, tana da ranar ƙarewa. Let's Encrypt ta saba bayar da ta kwana 90, kuma a 2025 masu burauza da masu bayar da satifiket suka amince a riƙa rage wa'adin har ya koma kwana 47 a 2029. Dalili kuwa, in an sace mabuɗin shafi, kada ɓarawon ya daɗe yana cin moriyarsa.

Ranar da wa'adi ya cika ba a sabunta ba, Chrome ko Firefox sai su zama mai gadin ƙofa: fuskar sananniya ce, amma katin ya mutu, don haka ba za su tsaya masa ba. Sau da yawa mantuwa ce kawai, kuma manya ma suna yi. A Fabrairun 2020 Microsoft Teams ta tsaya na awanni saboda an manta sabunta satifiket. A Disambar 2018 irin wannan a manhajar kamfanin Ericsson ya katse wa miliyoyin masu layin O2 intanet a Birtaniya. Na kamfanin Equifax a Amurka ya fi muni: na'urar da ke sa ido kan shige da ficen bayanai ta makance saboda satifiket ɗinta ya ƙare, masu kutse suka shafe kwana 76 a ciki a 2017, bayanan mutum kusan miliyan 147 suka fita.

To, in mantuwa ce, ina laifin wucewa? Matsalar ita ce irin wannan jan shafin ne dai zai fito maka idan wani ya shiga tsakaninka da shafin, misali a waifai ɗin kyauta na kafe ko otal. Wanda ya saba dannawa ya wuce sau goma, ranar ta goma sha ɗaya ba zai tsaya karantawa ba. Sabo turken wawa.

In ya fito maka, fara duba kwanan wata da agogon wayarka. Wayar da ta koma wata tsohuwar shekara bayan ta mutu tana ganin lafiyayyen satifiket a matsayin mara inganci, gyara agogon ya isa. Sannan karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasa. A Chrome, ERR_CERT_DATE_INVALID maganar kwanan wata ce. In ka ga AUTHORITY_INVALID ko COMMON_NAME_INVALID, to ba a san wanda ya bayar da takardar ba, ko kuma sunan bai dace da shafin ba, fita kawai. In kana kan waifai, kashe shi ka gwada da datarka. Ko ma wanne ne, kada ka rubuta kalmar sirri, BVN, NIN ko lambar katin ATM a shafin da burauza ta ƙi tsaya masa. Sanar da masu shafin, gyaran ba ya ɗaukar su dogon lokaci.

Kada kuma rashin gargaɗi ya ruɗe ka. Ɗan damfara ma yana iya samun satifiket kyauta ya ɗora a shafin "tallafin gwamnati" na bogi, don haka duba adireshin harafi bayan harafi.

Ni washegari na canza kalmar sirrina, na koma guruf na ba abokin nan amsa. Kai fa, sau nawa ka danna ka wuce a wannan watan?