Tsoho Ɗaya da Sanda Bai Isa Gadi Ba

A daren 11 ga Maris, 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a Afaka, wajen Mando, suka kwashe ɗalibai 39. Ga makarantar hafsoshin soja kusa, amma na ƙarshensu sai watan Mayu suka dawo gida.

To, ina ga makarantar gwamnati da tsoho ɗaya ke gadinta da sanda da tocila?

Ya ku iyaye, Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa matsara. Mu ma, a taron iyaye da malamai, mu nemi katanga, fitilu, wayar kiran 'yan sanda, da horarrun masu gadi da ake biya kan kari. Ubangiji ya kiyaye 'ya'yanmu.