Ashleigh Plumptre, jikar da ta nemi gidan kakanta

Ga labarin wata ɗiya ƴar ƙwallon ƙafa. Sunanta Ashleigh Plumptre, ana faɗi Ashili. An haife ta ran 8 ga watan Mayu 1998 a Lesta, cikin ƙasar Ingila. Ashili ruwa biyu ce. Uwarta Baturiya ce. Kakanta na wajen uba kuwa Bayarabe ne, mutumin Legas ta Nijeriya, maƙwabciyarmu.

Tun tana ƙarama take buga ƙwallo. Ƙungiyar garinsu ta ɗauke ta, ta koya mata. Amma Ashili ba ta bar lakwal ba. Cikin 2016 ta tafi wata jami'a ta Kalifoniya, a Amurka. Jami'a ita ce lakwal mafi girma. Can ta yi karatun sanin jikin ɗan Adam, tana kuma yi musu wasa. A shekarar farko ƙungiyarsu ta ci kofin jami'o'in Amurka. Cikin 2020 ta komo Lesta. Cikin 2021 suka hau sahun manyan ƙungiyoyin mata na Ingila.

Aikinta cikin fili tsaron baya ne. Doguwa ce, kuma da ƙafar hagu ta fi bugu. Mai tsaron baya kamar mai tsaron gona yake: in ya yi barci, ɓarna ta shigo.

Ga inda zancen yake. Tun tana budurwa ta yi wa Ingila wasa cikin ƙungiyoyin matasa. Amma dokar hukumar FIFA ta ce mutum yana iya yi wa ƙasar da aka haifi kakansa wasa, in ya samu takardar zama ɗan ƙasa. Ashili ba ta tashi a Nijeriya ba, ba ta san zafin ranarta ba. Duk da haka ta zaɓe ta, don tana so ta san asalinta. Cikin watan Fabrairu 2022 ta fara sa koriyar riga, a wasa da Kwaddibuwa.

Babbar rana ta zo ran 7 ga watan Agusta 2023, a gasar kofin duniya ta mata, a Ostaraliya. Nijeriya ta riga ta ka da masu masauki da ci 3 da 2. Sai ga ta gaban Ingila, ƙasar da aka haifi Ashili. Wace za ta bi, ƙasar haihuwa ko ƙasar kaka? Ƙafarta ta ba da amsa. Ta sako wani bugu mai ƙarfi, ƙwallo ya daki ƙarfen saman raga ya komo. Saura kaɗan ta ci Ingila. An yi minti 120 babu ci. A bugun daga kai sai mai tsaron gida Ingila ta wuce da 4 da 2.

Cikin wannan shekara ta koma ƙungiyar Al-Ittihad ta Jidda, garin da alhazanmu suka sani. Haƙurinta kuma bai tafi banza ba. Ran 26 ga watan Yuli 2025, a birnin Rabat, Maroko ta fara cin Nijeriya 2 da nema. Matan Nijeriya ba su karaya ba. Suka rama, suka ƙara, aka tashi 3 da 2. Kofin Afirka na 10 ke nan da suka ɗauka, Ashili tana cikinsu.

Ƴan uwa, mu ma muna da dangi da suka tafi bida, suka yi aure can, suka haihu. In jika ya zo neman gidan kakansa, kada a ce masa baƙo don launin fatarsa ko don bai iya harshenmu ba. A shimfiɗa masa tabarma, a nuna masa dangi. Hausawa sun ce kyan tafiya dawowa.