Ɗaliban da suka haɗa kwamfuta da sirrin furotin

Duk wanda aka ɗebi jininsa kafin ɗaurin aure don a ga ko AA ne, ko AS, ko SS, ya ci moriyar aikin wani ɗalibi da bai san sunansa ba. Sunansa Harvey Itano, Ba'amurke ɗan asalin Japan, wanda ya zo na ɗaya a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a 1942, amma bai halarci bikin yaye su ba domin gwamnati ta riga ta kai shi sansanin da aka tsare Japanawa a lokacin yaƙin duniya na biyu. Bayan 'yan shekaru, yana karatun digiri na uku a Caltech a ƙarƙashin Linus Pauling, sai aka ba shi aikin duba jinin masu sikila. Ya zuba hemogulobin ɗinsu, wato furotin da ke cikin jini, da na masu lafiya a cikin ruwan da wutar lantarki ke ratsawa, ya ga tafiyarsu ba ɗaya ba ce. A 1949 aka buga sakamakon, kuma shi ne karon farko da aka nuna cewa cuta na iya samo asali daga lahani a furotin guda. Gwajin da asibitocinmu ke yi yau jikan wancan gwajin ne.

Na fara da Itano ne saboda yadda muke kallon binciken ɗalibi a jami'o'inmu. A wurin mutane da yawa, furojet wani shinge ne da ake tsallakewa a karɓi takardar shaida: a zaɓi take, a rubuta babi biyar, a ɗaure kundi da baƙin bango, a kare shi a gaban malamai, daga nan ƙura ta gaje shi. Tarihin fannoni uku da yau suka haɗe wuri guda, wato ilimin kwamfuta da sadarwar kwamfutoci da ilimin furotin, bai yarda da wannan kallo ba. A kowannensu akwai gaɓar da ɗalibai ne suka ɗauki nauyin aikin. Kuma abin da ya ba aikin nasu daraja ba tsadar kayan aiki ba ce kawai. An ɗora su ne a kan tambaya ta gaske, an buɗe musu abin da wasu suka gano, sannan aka tanadi hanyar da za a gane wanda ya yi daidai da wanda ya yi kuskure.

Kafin a ga haka sai an san matsalar. Mu dai mun saba jin furotin a bakin likita, a ce a ci wake da ƙwai da nama. A cikin jiki kuwa furotin ma'aikaci ne: shi ke ɗaukar iskar da muke shaƙa, shi ke narkar da abinci, shi ke kama ƙwayar cuta. Kowane furotin zare ne da aka shirya da 'ya'ya kamar carbi, 'ya'yan nan iri 20 ne, ana kiran su amino asid. Sai dai zaren ba ya aiki a miƙe, sai ya naɗe. Yadi ɗaya ne ake naɗa rawanin malami da na sarki, naɗin ne ke faɗin matsayin mai shi. Haka furotin yake, siffar da ya naɗe ita ke yanke aikinsa. Christian Anfinsen ya nuna cewa jerin 'ya'yan ne ke yanke yadda naɗin zai kasance, ya samu kyautar Nobel a 1972. Ke nan wanda ya san jerin ya kamata ya iya lissafo siffar. Amma Cyrus Levinthal ya yi lissafi a 1969 cewa in da furotin zai bi dukkan naɗin da zai yiwu ɗaya bayan ɗaya, lokacin da zai ɗauka ya fi shekarun duniya, alhali a jiki wasu kan naɗe kafin ƙiftawar ido. Ganin siffar a ɗakin gwaji ma ba wasa ba ne. Max Perutz ya shiga Kambirij a 1936 yana ɗalibin bincike, ya kama hemogulobin, bai ga siffarsa ba sai 1959.

A daidai lokacin da Levinthal ke wannan lissafi, wasu ɗalibai a Jami'ar Kaliforniya ta Los Angeles suna fama da wata matsala da ba a zaci za ta taɓa haɗuwa da furotin ba, wato yadda kwamfuta za ta yi magana da 'yar'uwarta. Ranar 29 ga Oktoba 1969, wani ɗalibi mai suna Charley Kline ya zauna zai aika kalma zuwa kwamfutar Cibiyar Bincike ta Stanford, ya buga L, ya buga O, sai na'urar can ta tsaya cik. Wannan saƙo mai harafi biyu shi ne na farko a ARPANET, kakar intanet. Abin da ya fi wannan muhimmanci ya faru ne tun a watan Afrilu na shekarar. Steve Crocker, shi ma ɗalibi, ya rubuta bayanin yadda na'urorin za su riƙa gaisawa, kuma don gudun kada manya su ga ya yi musu shisshigi, sai ya kira takardar da sunan neman jin ra'ayi. Ita ce RFC ta ɗaya. Har gobe da wannan suna ake fitar da ƙa'idojin intanet, kowa ya karanta kyauta, kowa ya soki abin da bai gamshe shi ba. Vint Cerf da Jon Postel, waɗanda daga baya suka zama iyayen gidan intanet, duk ɗalibai ne a wannan rukuni.

Shekara 31 bayan haka hanyoyin biyu suka gamu. A shekarar 2000, Vijay Pande na Jami'ar Stanford da ɗalibansa, cikinsu har da Michael Shirts, suka ga cewa ba su da babbar kwamfutar da za ta kwaikwayi naɗewar furotin, amma duniya cike take da kwamfutocin da ke zaune ba aiki. Sai suka fasa lissafin gunduwa-gunduwa, kowane mai sa kai ya saukar da manhaja, na'urarsa ta yi nata kason ta mayar ta intanet. Aikin gayya ne sak, sai dai gonar lissafi ce. Suka sa masa suna Folding@home. Lokacin da korona ta ɓarke a 2020, jama'a suka yi ta shiga har ƙarfin gayyar ya haura lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa guda, abin da babu wata kwamfuta tilo da ta kai a lokacin, kuma wanda ke jagorantar aikin a wannan shekara, Greg Bowman, tsohon ɗalibin Pande ne. A Jami'ar Washington da ke Seattle kuwa, Seth Cooper ya mayar da matsalar wasan kwamfuta a matsayin aikin digirinsa na uku. Wasan, mai suna Foldit, ya fito a 2008, kuma a 2011 'yan wasan, da yawansu ba su taɓa karanta ilimin sinadarai ba, suka warware siffar wani furotin na ƙwayar cutar birai mai dangantaka da ƙanjamau cikin ƙasa da wata guda, bayan masana sun shafe sama da shekara goma suna kai-kawo a kansa.

Mai ja zai ce ai wannan kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi: ɗalibi ya kwana a ɗakin gwaji, farfesa ya tafi Sitokholm karɓar Nobel. Akwai gaskiya a ciki. Sunan Pauling ne ya fara zuwa a takardar 1949, kuma mutum dubu sun san shi kafin ɗaya ya san Itano. Amma wannan ƙorafi ne a kan rabon yabo, bai taɓa ingancin aikin ba, hasali ma yana tabbatar da shi. Jayayyar da ta fi ƙarfi ita ce ta biyu, cewa a ƙarshe ba jami'a ce ta warware matsalar ba, kamfani ne mai kuɗin Google. DeepMind ce ta fito da manhajar AlphaFold2 a 2020, kuma mutanenta Demis Hassabis da John Jumper suka raba rabin kyautar Nobel ta 2024, David Baker na Seattle ya ɗauki ɗaya rabin. Wannan ma haka ne. Sai dai a duba abin da manhajar ta ci ta girma. Ta koyi naɗi ne daga rumbun siffofin furotin da aka buɗe a 1971 da siffofi bakwai kacal, wanda yanzu ya haura 200,000, kuma kaso mai tsoka na abin da ke ciki gumin ɗaliban digiri na uku ne, wani ya ba da shekara huɗu ko biyar a kan furotin ɗaya. Shi kansa Jumper a 2017 ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Chicago, a kan amfani da kwamfuta mai koyo wajen kwaikwayon naɗewar furotin. Shekara bakwai ne tsakanin kundinsa da Nobel.

Akwai kuma abin da ba a cika ambata ba, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan labarin. A 1994 John Moult da abokansa suka ƙirƙiro gasar CASP, ana yin ta duk shekara biyu. Ana ba masu shiga jerin amino asid na furotin da aka riga aka gano siffarsa a ɗakin gwaji amma ba a bayyana ba, kowa ya yi hasashensa, sannan a buɗe amsa. A nan babu farfesa babu ɗalibi, kuma babu wanda zai yi wa kansa alƙalanci. Da AlphaFold2 ta samu maki kusan 92 cikin 100 a 2020, ba a tsaya gardama ba, domin ma'aunin ya shekara 26 ana amfani da shi.

Wannan ne ya kawo mu gida. Tun 2022 akwai hasashen siffofi sama da miliyan 200 a intanet kyauta, kuma da manhaja irin ColabFold ɗalibi a Zariya ko Yamai zai iya saka jerin furotin da safe ya ga siffa kafin azahar, in wuta da data sun yarda. Su ma ba ƙaramar matsala ba ce, amma ta fi sauƙi a kan sayen na'urar miliyoyin daloli. Haɗarin yana wani wuri dabam. Sauƙin ya haifar da wani irin furojet da ya yawaita: a ɗauko sinadarai daga zogale ko darbejiya, a manna su a jikin wani furotin a cikin kwamfuta, a samu lambobi masu kyau, a rubuta cewa an gano maganin ciwon suga. Ba a gwada a kwalba ba, ba a fara tabbatar da cewa manhajar na iya gane maganin da aka riga aka sani ba, kuma ba a ajiye bayanan inda wani zai maimaita ba. Irin wannan aiki yana da kwamfuta da intanet, ma'auni ne ba shi da shi. Gyaransa bai buƙatar kuɗi mai yawa: ɗalibin kwamfuta ya rubuta manhajar, na sashen sinadaran jiki ya gwada hasashen a ɗakin gwaji, a yarda a rubuta sakamakon ko da ya ƙaryata abin da aka zata, kuma sassan biyu su amince su ba da maki a kan aiki ɗaya, wanda sau da yawa shi ne ya fi wuya.

Tambayoyin ma ba su ƙare ba, kuma wasunsu namu ne. A 1957 Vernon Ingram ya nuna cewa bambancin da Itano ya gani ɗan carbi ɗaya ne tak cikin 146, na shida a jerin, inda balin ya maye gurbin gulutamik asid. AlphaFold ba ta da ƙarfi a irin wannan wuri. In aka ba ta jerin mai sikila da na mai lafiya, siffofin da za ta fitar kusan ɗaya ne, domin matsalar ba ta cikin naɗin ƙwara guda. Tana bayyana ne lokacin da iskar oksijin ta yi ƙaranci, ƙwayoyin hemogulobin suka manne da juna suka zama dogayen sanduna da ke lanƙwasa ƙwayar jini kamar lauje. Fahimtar abin da ke hanzarta wannan mannewa ko rage ta, da dalilin da ya sa wani mai SS ke kwanciya asibiti duk wata wani kuma ya shekara lafiya, na buƙatar lissafi da ɗakin gwaji da bayanan marasa lafiya masu yawa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da ake haifa da sikila, kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk na jami'o'in da ke da sashen kwamfuta ne.