Yadda za mu koya wa yara kare kansu daga masu ɗauke su



A Briqueterie yaro yana tasowa ne cikin mutane. Daga ƙofar gida zuwa makarantar allo, ko zuwa wajen masu tsire, duk namijin da ya girme shi Baba ne ko Kawu, duk mace Inna ce ko Gwaggo. Haka muka tarbiyyantar da su, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai unguwar tana tsakiyar Yawunde, kusa da kasuwar Mokolo, kullum baƙi na shiga suna fita, wasu sayen yadi ya kawo su, wasu cin nama. Yaron da aka koya wa cewa ba a musu da babba, me zai ce idan wani ya riƙe hannunsa ya ce, "Zo in aike ka"?

Yawancinmu abin da muke faɗa shi ne, "Kada ka bi wanda ba ka sani ba." Maganar ba ta isa ba. A wurin ɗan shekara biyar, wanda ya kira sunansa, ya yi masa Hausa, ya miƙa masa alawa, ai ya zama sananne. Sannan sau da yawa mai cutarwar ba baƙo ba ne. Mu tuna yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a Kano a Disamban 2021 tana dawowa daga Islamiyya. Wanda ya ɗauke ta mai makarantar bokon da take zuwa ne, fuskar da ta saba gani. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022, amma yarinya ta riga ta tafi. Ko Annabi Yusufu (AS), 'yan uwansa ne suka fita da shi.

Saboda haka a ɗora dokar kan abin da aka nema daga yaro, ko wane ne ya nema. Ba ya shiga mota, ba ya hawa babur, ba ya shiga ɗaki ko shagon kowa sai ya koma gida ya tambaya. Ko malaminsa ne, ko abokin babansa. A ba shi kalmomin da zai faɗa cikin ladabi: "Bari in gaya wa Mama tukuna." Mutumin kirki ba zai ji haushin wannan ba. Wanda ya ce "ba sai ka gaya mata ba", ko "wannan sirrinmu ne", shi ne abin gudu.

A nan ne mu iyaye muke da gyara. Idan yaro ya ƙi aiken wani babba a waje aka kawo ƙararsa, muka dake shi a gaban mutumin, to mun koya masa cewa bin kowa ya fi masa sauƙi. A fara tambayarsa dalili. Haka idan ya zo da labarin wani ya taɓa shi ko ya ba shi kuɗi, a saurara ba tsawa, domin yaron da aka kunyata sau ɗaya ba ya sake faɗa.

Akwai kuma batun harshe. A cikin unguwa ihun Hausa ya wadatar, amma da an fita babban titi mutane da yawa Faransanci suke ji. A koya masa ya ƙwala "Au secours!" ya kuma faɗa da Faransanci cewa wannan ba babansa ba ne, don kada masu wucewa su ɗauka rigimar ɗa da uba ce. Ya haddace cikakken sunan mahaifinsa da lambar waya ɗaya. Lambobi tara ne kacal, yaron da ke haddace sura ba za su gagare shi ba. Idan ya ɓata a kasuwa, ya tsaya wurin mace mai sayar da kaya ko ɗan sanda mai kaki, kada ya yi ta yawo.

Malaman allo da na Islamiyya su san wanda ke zuwa ɗaukar kowane ƙaramin yaro, musamman masu tashi bayan magariba.

In kuwa yaro bai dawo a lokacinsa ba, kada a zauna jiran gari ya waye. A sanar a masallaci, a kira 'yan sanda a 117, a je ofishinsu mafi kusa da hotonsa na kwanan nan da bayanin kayan da ya sa a ranar.