Tafiya tsibirin Firinsife da jirgin sama

Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Wanda ya taɓa tsayawa bakin kogin Kwara a Yamai ya ga ƙananan tsibirai a tsakiyar ruwa. Waɗannan da kwalekwale ake zuwa musu. Amma akwai tsibiran da suke can tsakiyar teku, nesa da gaɓa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Firinsife.

Firinsife yana cikin tekun Atalantika, yamma da ƙasar Gabon, kusa da layin Ekwata. Shi da wani tsibiri da ya fi shi girma, mai suna Sawo Tome, su ne suka haɗu suka zama ƙasa guda. Ƙasar ta samu mulkin kai daga hannun Fotugal ran 12 ga watan Yuli na 1975. Harshen Fotugal ake yi a makaranta da ofis, sunan kuɗinsu kuma dobra. Firinsife ƙarami ne ƙwarai, tsawonsa bai kai kilomita 20 ba. A ƙidayar 2012, mutanensa sun ɗan zarce 7.000. Babban garinsa shi ne Santo Antoniyo.

Me ke kai baƙi can?

Baƙi suna zuwa hutu don su ga abin da babu a ƙasarsu. Ruwan sama yana da yawa a tsibirin. A shekara yakan wuce milimita 2.000, alhali na Yamai bai cika wuce 600 ba. Saboda haka kurmi ya rufe duwatsu, wuri ya yi kore shar. Aku yana da yawa cikin itatuwa. Kunkurun teku yakan fito da dare, ya haƙa rami cikin rairayi, ya zuba ƙwai. Akwai kuma tsoffin gonakin koko, inda bayi da ƴan ƙwadago suka sha wuya zamanin Turawa. A ɗaya daga cikin gonakin nan ne wani masani ɗan Ingila, Arthur Eddington, ya ɗauki hoton husufin rana ran 29 ga watan Mayu na 1919.

Shirin tafiya

Tun kafin ranar tashi, matafiyi yakan tanadi fasfo da tikiti. Yakan riƙe katin allurar rigakafin shawara, domin ana tambayarsa a filin jirgi. Yakan nemi maganin zazzaɓin cizon sauro wurin likita. Yakan kuma duba lokaci: daga watan Yuni zuwa Satumba ruwa yana raguwa, tafiya ta fi sauƙi.

Jirgi uku, ba ɗaya ba

Babu jirgin da ke tashi daga Yamai ya sauka Firinsife kai tsaye. Matafiyi yakan shiga babban jirgi a filin Diori Hamani, ya sauka wani birni na bakin teku, kamar Lome. Can yakan canza jirgi zuwa Sawo Tome. Sau da yawa sai ya kwana nan. Kashegari ya shiga jirgi na uku, wanda shi ne ƙaraminsu, mai farfela a fukafukai.

Me ya sa sai ƙaramin jirgi? Dalili biyu ne. Na farko, kafin jirgi ya tashi sai ya yi gudu a ƙasa har iska ta ɗaga fukafukansa. Babban jirgi yana da nauyi, yana bukatar hanya mai tsawo ƙwarai. Ƙaramin tsibiri mai duwatsu kuwa ba shi da fili mai yawa. Na biyu, matafiya kaɗan ne. Idan babban jirgi ya tashi da kujeru wayam, kuɗin mai ma ba zai fito ba.

Shi ya sa ake auna kaya da kyau kafin a shiga. Kowane mutum akwai iyakar kilo da aka yanka masa. Idan nauyi ya yi yawa, jirgin ba zai tashi da sauƙi ba. Idan kuma kaya suka taru waje guda, sai ya karkata. Wanda ya ɗauko kaya fiye da ƙima yakan biya kuɗi, ko ya bar wasu a baya.

A sama

Tsakanin tsibiran biyu wajen kilomita 150 ne, bai kai nisan Maraɗi zuwa Damagaram ba. Jirgin yakan yi wajen minti 40. Kowa yakan ɗaura ɗamarar kujera. Ta taga ba a ganin komi sai ruwa da gajimare. Can sai duwatsu su ɓullo daga cikin teku. Mafi tsawonsu ya kusa mita 950.

Nan ne aikin matuƙi yake da wuya. Idan hadari ya taso, gajimare yakan rufe duwatsun da filin sauka. Matuƙi mai hankali ba ya yin ganganci da rayukan mutane. Yakan jira, ko ya koma Sawo Tome. Wata rana ma akan fasa tashi sam. Don haka matafiyi mai dabara yakan bar kwana ɗaya ko biyu tsakanin ƙaramin jirgi da babba, kada na gida ya tafi ya bar shi. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Ba na baƙi kaɗai ba ne

Ga baƙo, jirgin nan hanyar hutu ce. Ga mutanen tsibirin kuwa, ya fi haka. Shi ke kai marar lafiya babban asibiti a Sawo Tome. Shi ke kawo magani da wasiƙu. Akwai jirgin ruwa, shi ke ɗauko kaya masu nauyi, kuma ya fi araha. Amma yana ɗaukar awoyi da yawa, ga haɗari. A watan Afrilu na 2019 wani jirgin ruwa ya kife kusa da Firinsife, mutane suka rasu.

A 2012 hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren da ake kiyaye itatuwansu da dabbobinsu. Baƙon kirki ba ya zubar da leda a bakin teku, ba ya taɓa ƙwan kunkuru. Yana gaida mutane, yana neman izini kafin ya ɗauki hotonsu. Shi kwana kaɗan zai yi ya koma. Su kuwa nan ne gidansu.

Tambayoyi

1. Mene ne tsibiri?
2. Jirgi nawa matafiyi yake shiga daga Yamai zuwa Firinsife?
3. Don me babban jirgi ba ya sauka can?
4. Don me ake auna kayan matafiya?
5. Wane amfani jirgin yake yi wa mutanen tsibirin?
6. Ku nemo Yamai da Lome da Sawo Tome a taswirar Afirka, ku ja layi tsakaninsu.