Kyandir da ruwan zoɓorodo: yadda yara ke zana bakan gizo ba tare da an kashe kuɗi ba

A makarantun firamare da dama na Maradi, Damagaram da Tawa, darasin zane ne ake fara jinginewa idan kayan aiki suka yi ƙaranci. Fenti na da tsada, ɗalibai sun yi yawa, malami kuma na fama da karatu da lissafi. Amma akwai wata dabara ta zane da kusan duk kayanta suna cikin gida, kuma yaro ɗan shekara huɗu zai iya yin ta: zana bakan gizo da kyandir da ruwan launi.

Yaro zai ɗauki farin kyandir, wanda mutanen Nijar ke kira buji, ya ja layuka masu lanƙwasa a kan farar takarda, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Da farko ba a ganin komai, fari ne a kan fari. Sai ya tsoma buroshi ko ɗan auduga cikin ruwan launi ya shafa a tsakanin layukan. Takarda za ta sha launin, amma duk inda kyandir ya bi sai ruwan ya zame ya bar wurin fari fes. Kaki da ruwa ba sa haɗuwa, kamar yadda mai ke yawo a saman miya. Layukan kakin nan su ne ke zama katanga, su hana ja kwarara cikin ruwan ɗorawa, abin da ya fi ɓata wa ƙananan yara zane.

Abu biyu ke sa aikin ya ƙi. Na farko, rashin danna kyandir sosai, domin idan kakin bai zauna ba launi zai ratsa. Na biyu, fenti mai kauri, wanda ke hawa kan kakin ya rufe shi. Launin na buƙatar ya zama tsararo. Takardar littafin makaranta tana jiƙewa ta tattare, don haka bayan tsohuwar kalanda ko farin kwali sun fi riƙe ruwa. A watannin zafi kuma kada a bar kyandir a rana, zai yi laushi ya dame.

Wanda ba shi da kwalin fentin ruwa na kanti, sai ya leƙa madafa. Zoɓorodo da aka jiƙa da ruwa kaɗan yana ba da ja, kuma ɗigon lemun tsami na ƙara masa haske. Idan aka ɗebi wannan ruwan aka saka masa ɗan jiƙon kanwa, nan take sai ya juye zuwa shuɗi-shuɗi, har ya kai kore idan kanwar ta yi yawa. Garin gangamau na ba da ruwan ɗorawa, shi ma da ya haɗu da kanwa sai ya koma ja-ja kamar ruwan goro. Bula ta wanki ta isa shuɗi. Yara kan manta da zanen ma su tsaya kallon kofi yana sauya launi, kuma ba asara ba ce, darasin kimiyya ne suka samu ba da alli ba. Sai dai launukan madafa ba su daɗewa: bayan 'yan makonni a haske sukan kode, gangamau kuma idan ya taɓa farar riga da wuya ya fita.

Jerin launukan ba ya sauyawa. Ja ne a waje, sai ruwan goro, ruwan ɗorawa, kore, shuɗi, launin baba, shunayya a can ciki. Masanin Ingila Isaac Newton ne ya nuna, a gwaje-gwajen da ya fara wajen 1666, cewa farin hasken rana tarin launuka ne da gilashi mai kusurwa uku ke rarrabawa. Da farko biyar ya lissafa, daga baya ya ƙara ruwan goro da launin baba suka zama bakwai. A sama, ɗigon ruwa ne ke yin aikin gilashin, shi ya sa bakan gizo ke fitowa kullum a ɓangaren da ke fuskantar rana: da la'asar a gabas ake neman sa. Tsofaffi na kiran sa masharuwa, suna cewa yana shanye hadari. Lokacin fitowarsa, damina, ya zo daidai da babban hutun makarantu, lokacin da yara ke gida ba abin yi.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Atamfar da mata ke ɗaurawa, wadda ake kira waks, daga nan ta samo suna: ana ɗora kaki ko ƙaro a kan yadi kafin a rina shi. Asalinta sana'ar batik ce ta tsibirin Java a Indonesiya, wadda UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 2009, kuma kamfanoni irin su Vlisco na ƙasar Holan suka mayar da ita aikin inji. Marinan Ƙofar Mata a Kano na ɗaure yadi da zare don hana baba shiga wasu wurare, matan Abeokuta kuma na shafa kullun rogo. Duk hikimar ɗaya ce da ta yaron da ke riƙe da buji.

Iyaye da malamai na iya juya wasan ya zama karatu. Uwa ta rubuta sunan ɗanta da kyandir a ɓoye, da boko ko da ajami, ta miƙa masa ya shafa launi. Haruffan za su riƙa bayyana ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana ƙoƙarin cankar na gaba.

Ba a kunna kyandir a wannan aikin, ko kusa. A Nuwamban 2021 gobara ta kashe yara sama da 20 a azuzuwan zana a Maradi, watanni kaɗan bayan irinta a Yamai. Ya kamata babba ya gutsure kyandirin gida uku ko huɗu, ya zare lagwanin ya jefar kafin ya raba wa yara, ya kuma riƙe kofin kanwa a hannunsa don kada ta shiga idon wani.