Ɗumama ruwa da rana: sirrin yana cikin shimfiɗar tiyo

Daga Disamba zuwa Janairu, idan ɗari ya sauka a Madawa, Buza da Keita, wankan safe sai da ruwan zafi, ga itace da gawayi suna ƙara tsada. Na'urar ɗumama ruwa da hasken rana tana iya rage wannan nauyi. Ba baƙuwa ba ce a Nijar: ofishin ONERSOL na Yamai, wanda Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ya jagoranta daga 1969 zuwa 1985, ya ƙera irinta. Sai dai ko an sayi mai kyau, idan aka shimfiɗa tiyo ba daidai ba, kuɗin sun tafi a banza.

Na'urar ba ta da inji. Ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, don haka sama yake hawa. Ruwan da rana ta gasa a cikin faifan gilashi yana haurawa zuwa tanki, na sanyi kuma ya sauko ya maye gurbinsa. Haka yake zagayawa har yamma. Da wannan dabara aka ɗumama tsofaffin gidajen Turai kafin a fara sa injin tura ruwa.

Saboda haka dole gindin tanki ya ɗara saman faifan, da kamar santimita 30. Idan tankin ya yi ƙasa, da dare ruwan yana iya juyowa baya ya huce. Tiyon da ke kai ruwan zafi kuma ya riƙa hawa ba tare da lanƙwasa ƙasa ba, domin a irin wannan lungu iska take maƙalewa ta tsayar da zagayen. Tiyo siriri, ko mai yawan gwiwa, shi ma yana rage gudu.

Tiyon PVC na ruwan sanyi yana laushi da zafi. Na jan ƙarfe ko na PPR ya dace, a naɗe shi don kada zafi ya tsere. Inda ruwa ke barin farin ɓawo a buta, haka zai bari cikin tiyo, sai a riƙa wankewa.

A watan Afrilu ruwan yana iya ƙona fata. Gidan da ke da yara ya sa mai gyaran famfo ya ɗaura makunnin da ke gauraya zafi da sanyi kafin ruwa ya isa makewayi.